Hannu Goma Sha Ɗaya, Ido Nawa?

Fim ɗin 12 Angry Men a kan kisan kai yake, amma babu gawa a cikinsa. Ba a nuna daren da abin ya faru ba, ba a nuna shaidu ba, ko muryar lauyoyin ma ba a ji. Yaron da ake tuhuma da daɓa wa mahaifinsa wuƙa sau ɗaya tak ake ganin fuskarsa, na 'yan daƙiƙu, yana zaune a kotu ya yi zuru, bai ce uffan ba. Daga nan sai a shigar da mu ɗaki ɗaya tare da maza goma sha biyu, a murza makulli ta waje. Kafin minti 96 na fim ɗin su cika an buɗe ƙofa, kowa ya kama gabansa, kuma har yau babu wanda ya gaya mana ko yaron nan ya kashe ubansa ko bai kashe ba.

An saki fim ɗin a 1957, fari da baƙi ne. Shi ne fim na farko da Sidney Lumet ya ba da umarni bayan ya yi shekaru yana aikin talabijin. Reginald Rose ne ya rubuta labarin tun a 1954 don wasan kwaikwayo na talabijin, bayan shi kansa an taɓa kiransa ya zauna cikin masu yanke hukunci a wata shari'a a birnin New York. Henry Fonda ne jarumin, kuma shi da Rose suka shirya fim ɗin. Bai yi kasuwa ba a silimomin Amurka, duk da ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a shekarar. Daga baya ne ya samu gindin zama, har Indiyawa suka yi nasu a 1986 mai suna Ek Ruka Hua Faisla, Rashawa ma suka yi nasu a 2007.

Ga wanda bai saba da kotunan Amurka ba, sai an ɗan yi bayani. A can, a babban laifi irin kisa, ba alƙali ke cewa mutum ya aikata ko bai aikata ba. Ana zaɓo mutum 12 daga cikin jama'ar gari, waɗanda ba su san juna ba kuma ba lallai su san shari'a ba, su saurari shaidu, sannan su keɓe su yanke. Su ake kira juri. A shari'ar da ke fim ɗin, alƙali ya gaya musu abu biyu cikin muryar wanda ya gaji da maimaita magana: dole bakinsu ya zo ɗaya su duka, kuma idan suka ce yaron ya aikata, babu sassauci, kujerar lantarki ce makomarsa. Shekarar yaron 18, ɗan unguwar talakawa ne, cikin duka ya tashi.

Ranar ita ce mafi zafi a shekarar, fankar ɗakin kuma ta ƙi tashi. Ɗaya daga cikinsu yana da tikitin kallon wasan besbol a aljihu, sai duba agogo yake yi. Ba a kiran kowa da suna, sai da lambar kujerarsa. Shugaban zaman, Lamba 1, ya ce duk wanda ya yarda yaron ya aikata ya ɗaga hannu. Hannu goma sha ɗaya suka tashi. Lamba 8, wato Fonda, mai zanen gine-gine, shi kaɗai ya bar nasa a ƙasa.

Na sha mai da wannan wuri baya ina sake kallo, domin a ganina duk fim ɗin a nan yake. Hannayen ba tare suka tashi ba. Wasu sun yi sama nan take. Wasu kuwa sai da masu su suka waiga dama da hagu suka ga inda iska ke kaɗawa, sannan suka bi a hankali, har da dattijon da ke kujera ta 9. Mai ƙidaya zai ce sha ɗaya da ɗaya. Amma cikin sha ɗayan nan, mutum nawa ne suka duba maganar da kansu, mutum nawa ne kuma suka duba hannun maƙwabcinsu?

Sana'ata ce ta sa tambayar ta tsaya mini a rai. Manhaja nake rubutawa, da ita nake ci da iyali. A wannan aiki ba a barin abin da mutum ya rubuta ya isa hannun jama'a sai wasu abokan aiki sun karanta sun amince, don abin da ya kuɓuce wa ɗaya wani ya kama. Amma duk wanda ya daɗe a harkar ya san yadda abin ke lalacewa. Na farko ya karanta sama-sama, yana cewa a ransa ai akwai mai dubawa a bayansa. Na biyu ya ga na farko ya riga ya amince, kuma babba ne, sai ya danna nasa. Na uku ya ga biyu sun amince, ko buɗewa bai yi ba. A allo za ka ga amincewa uku reras, a zahiri kuwa ko ido ɗaya cikakke bai bi ta kan rubutun ba.

Abin da Lamba 8 ya faɗa da aka taso masa shi ya fi ba su haushi. Bai ce yaron ba shi da laifi ba. Cewa ya yi bai sani ba, kuma ba zai iya aika mutum lahira cikin minti biyar ba tare da an zauna an yi magana ba. Awa ɗaya ya nema. Da gardama ta yi tsawo, sai ya kawo dabarar da ta fi kowace hujja aiki a fim ɗin: a sake zaɓe, amma a rubuce kuma a ɓoye, shi ba zai jefa ba, idan duk sha ɗayan suka tsaya a kan bakansu, zai bi su a tashi. Da aka warware takardun, ɗaya ta ce babu laifi. Ta dattijon nan ce, Lamba 9, wanda ɗazu ya ɗaga hannu cikin nauyi. Babu wata sabuwar shaida da ta sauya shi gaba ɗaya. Kawai an kau da idon jama'a daga hannunsa ne. Mu ma idan za mu ƙiyasta kwana nawa aiki zai ɗauka, kowa ɓoye adadinsa yake yi, sai a buɗe tare, don mun gane cewa da zarar babba ya furta lamba, duk na ƙasa da shi a kusa da ita za su sauka.

Kowane ɗalibin kimiyyar kwamfuta ya ji sunan Edsger Dijkstra, masanin nan ɗan ƙasar Holan, wanda ya ja hankalinmu cewa gwaji yana iya tona kuskure a manhaja amma ba ya iya ba da tabbacin babu saura. Lamba 8 aikin mai gwaji yake yi. Ba ya ƙoƙarin wanke yaron, don ba shi da abin da zai wanke shi da shi. Neman inda da'awar masu gabatar da ƙara za ta karye yake yi.

Ɗauki wuƙar. Irin mai sifirin ce, wadda ake danna maɓalli kaifin ya fito, da wani zane a mariƙinta. Mai shagon da ya sayar wa yaron ya shaida cewa bai taɓa ganin irinta ba. Lamba 4 ya kafa ta a kan tebur yana nuna cewa ba za a samu biyu ba. Lamba 8 ya sa hannu a aljihu, ya zaro wata sak irinta, ya kafa kusa da ita. Dala 6 ya saye ta a wani shagon jingina, layi biyu daga gidan su yaron. Wanda ya ce abu ba shi da na biyu ya ɗora wa kansa kaya mai nauyi, domin misali ɗaya ya isa ya kayar da shi.

Sai tsohon da ke zaune a hawan da ke ƙarƙashin na su yaron. Ya rantse ya ji yaron yana ihun zai kashe uban, ya ji faɗuwar jiki, ya tashi daga gado ya kai ƙofar waje cikin daƙiƙa 15, ya ga yaron yana gangarawa a guje. Amma tsohon ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, jan ƙafa yake yi. Lamba 8 bai tsaya cacar baki ba. Ya sa aka kawo taswirar gidan, ya auna ƙafa 12 daga gado zuwa ƙofar ɗaki da ƙafa 43 na baranda, ya jera kujeru, ya yi tafiyar yana jan ƙafa, Lamba 2 yana riƙe da agogo. Daƙiƙa 41 ta ɗauka. Gani ya kori ji.

Wadda ta fi burge ni ita ce maganar jirgi. Wata mata da ke gidan da ke fuskantar nasu ta ce ta ga kisan ta cikin tagogin jirgin ƙasa da ke bi ta kan gada a tsakanin gidajen biyu, ta tarago biyun ƙarshe. Jirgi mai tarago 6 yakan ɗauki kamar daƙiƙa 10 kafin ya wuce, kuma Lamba 6, mai fenti da ya taɓa aiki a gefen irin wannan gada, ya san irin ƙarar da yake yi. To, idan matar ta faɗi gaskiya, ihun da tsohon ya ce ya ji daƙiƙa ɗaya kafin faɗuwar jikin a tsakiyar rugugin jirgin aka yi shi. Shaidu biyu da aka kawo su tallafi juna, ashe karo suke yi. Kowannensu shi kaɗai ya tsaya da kyau a kotu, sai da aka haɗa su wuri ɗaya ɓarakar ta fito.

Duk da haka, ba na cikin masu tashi daga kallon fim ɗin da tabbacin an ceci marar laifi. Wanda ya zauna a ajin lissafin yiwuwa ba zai rasa jin wani abu yana sukarsa ba. Lamba 8 ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar hujjoji, ya nuna kowacce tana iya zama kuskure, kuma gaskiyarsa ne. Amma kafin yaron ya zama marar laifi, sai dukansu sun zama kuskure a dare ɗaya. A ce hujjojin biyar ne: abin da tsohon ya ji, abin da ya gani, abin da matar ta gani, wuƙar, da kasawar yaron ya tuna sunan fim ɗin da ya ce ya je kallo a silima. A ce kowacce, sau ɗaya cikin uku tana iya zama kuskure. Biyar ɗin su faɗi tare, sau ɗaya ne cikin 243. Wuƙar ma ta fi sauran wuyar haɗiya: yaron da bakinsa ya yarda ya sayi irinta a daren, abokansa sun gan ta a hannunsa, ya ce ta faɗi ta hujin aljihu, sai kuma wani daban ya zo da irinta sak ya kashe ubansa cikin 'yan awanni.

Ta fuskar doka ma akwai magana. Sonia Sotomayor, alƙaliya a Kotun Ƙolin Amurka, ta faɗa a Jami'ar Fordham a 2010 cewa fim ɗin yana cikin abubuwan da suka ja ta zuwa aikin shari'a, amma ta nuna cewa abin da Lamba 8 ya yi, wato fita yin bincike da kansa da shigo da wuƙa ɗakin juri, a kotun gaske rusa shari'ar zai yi, kuma hasashe ya yi yawa a ɗakin.

Sai dai lissafin nan na 243 yana da sharaɗi, kuma malaminmu ya sha ja mana kunne a kansa: ba a ninka yiwuwa da yiwuwa sai idan abubuwan ba su da alaƙa da juna. Idan ka ajiye janareta biyu don kada wuta ta yanke, amma tanki ɗaya suke sha, ba biyu gare ka ba. Ranar da man ya gurɓata, tare za su mutu. A hujjoji biyar ɗin nan, biyu daga bakin tsoho ɗaya suka fito. Lamba 9 ya lura da shi a kotu: rigarsa a yage, yana ƙoƙarin ɓoye jan ƙafarsa, mutum ne da ya tsufa babu wanda ya taɓa neman jin ta bakinsa, sai ga shi yau kotu guda ta yi tsit tana sauraronsa. Irin wannan ba sai ya yi ƙarya da gangan ba, yana iya shawo kan kansa cewa ya ji kuma ya gani. Matar kuwa tun yaron yana ƙarami ta san shi, shi kuma ya riga ya yi suna: kotun yara yana da shekara 10, gidan horon kangararru yana da 15, faɗa da wuƙa. Mutumin da ya ga inuwa da tsakar dare ta tagar jirgi mai gudu, zuciyarsa takan liƙa wa inuwar fuskar da take tsammani. Sannan duk shaidun nan sun bi ta hannun 'yan sandan da suka riga suka kama mutuminsu tun a daren, da kuma lauyan da kotu ta naɗa wa yaron, wanda bai matsa wa kowa da tambaya ba. Mai yiwuwa rijiya ɗaya duk suka sha, wato sunan da yaron ya yi a unguwa. Wannan ba tatsuniyar fim ba ce: cikin mutanen da gwajin DNA ya wanke a Amurka bayan an ɗaure su, ƙungiyar Innocence Project da aka kafa a 1992 ta samu cewa fiye da rabi, shaidar gani da ido da ta yi kuskure tana cikin abin da ya kai su kurkuku.

Na taɓa ganin ƙaramin irin wannan a wani kamfani da na yi wa aiki. Wata safiya aka tarar an goge bayanan wasu abokan ciniki. Kafin azahar takardu uku sun isa teburin manaja: rajistar da kwamfuta ke rubutawa da kanta, rahoton sashen tsaro, da taƙaitaccen bayanin shugaban sashenmu. Duka ukun sun ce ƙarfe 5:40 na yamma abin ya faru, kuma a lokacin mutum ɗaya ne a kan na'urar, wani yaro ɗan bautar ƙasa da bai cika wata uku da zuwa ba. Aka kira taro, yaron yana tsaye a bakin ƙofa, an fara maganar a rubuta takarda a mai da shi inda ya fito. Sai wata abokiyar aikinmu mai gwajin manhaja, wadda ba kasafai take magana a taro ba, ta ce, "Yallaɓai, 5:40 ɗin nan, a agogon wa?" Aka ce in duba. Babbar kwamfutar a kan agogon GMT take, wanda duk mai sauraron rediyo ya san awa ɗaya yake bayan agogon Najeriya da Nijar. Ƙarfe 6:40 ke nan a wurinmu, yaron kuwa tun ƙarfe 6 ya sa hannu ya tashi. Wani aikin share-share da aka saita ya riƙa tashi da kansa ne ya yi ɓarnar. Takardun uku, ta biyu daga ta farko aka kwafa, ta uku daga ta biyu. Shaida ɗaya ce ta sa riga uku.

Ko da wannan duka, idan aka matsa mini in yi hasashe, zan ce ta yiwu yaron fim ɗin ya aikata. Wuƙar ba ta bar ni ba. Fim ɗin ma bai ɓoye wannan nauyi ba: a banɗaki Lamba 6 ya tambayi Lamba 8 yaya ke nan idan ya shawo kansu duka alhali yaron ne ya yi kisan, Lamba 8 kuma bai da amsa. Amma ba hasashe aka nema wurin juri ba. Kuskure iri biyu ne a gabansu, sakin mai laifi ko kashe marar laifi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. A aikinmu, kafin a saki kowane canji tambayar farko ita ce: idan ya ɓaci, ana iya mai da shi baya? Wanda ake iya mayarwa mukan sake shi da ɗan bincike. Wanda ba a iya mayarwa, irin goge rumbun bayanai, sai an duba an sake dubawa. Kujerar lantarki ba ta da maɓallin komawa, kuma a 1957 ba barazanar baki ba ce, don jihar New York ta ci gaba da amfani da ita a kurkukun Sing Sing har 1963. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya ji ƙa'idar cewa shubuha tana kawar da haddi, kuma kuskure wajen yafiya ya fi sauƙi a kan kuskure wajen hukunci.

Abin da ya sa fim ɗin bai tsufa ba shi ne yadda yake tona abin da ke bayan kowane hannu. Lamba 10, mai garejin motoci, bai taɓa ganin yaron a matsayin mutum ɗaya ba, sai dai ɗaya daga cikin 'yan unguwar da ya tsana. Da ya saki baki a kansu, sauran suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna juya masa baya. Lamba 3 rabonsa da ɗansa shekara biyu bayan sun yi faɗa, kuma ɗan nasa yake yanke wa hukunci ba tare da ya sani ba, sai da ya yayyaga hotonsu a kan tebur ya fashe da kuka. Lamba 7 mai tikiti ya sauya zuwa babu laifi don kawai a tashi, sai Lamba 11, mai gyaran agogo da ya yi hijira daga Turai, ya tsare shi da faɗa duk da ya dawo ɓangarensu, yana neman ya faɗi dalili. Wannan wuri yana da muhimmanci: hannun da ba ido a bayansa ba shi da daraja ko da a gefen daidai ya faɗo. A ɗaya gefen kuma ga Lamba 5, wanda ya tashi a irin unguwar yaron. Shi ya nuna musu cewa wanda ya iya wuƙa mai sifirin daga ƙasa yake sukar sama, alhali raunin uban daga sama ya gangaro. Abin da yake jin kunyarsa a farkon zaman shi ya zama ilimin da babu mai shi sai shi.

Wanda na fi girmamawa ba Fonda ba ne, Lamba 4 ne, dillalin hannun jari mai tabarau. Shi ya yarda da laifin yaron ne bisa hujja, kuma ya riƙe shaidar matar har kusan ƙarshe. Sai Lamba 9 ya ga yana murza gefen hancinsa inda tabarau ya bar tabo, ya tuna matar ma tana da irin tabon, ga shi ta ce tana kwance a gado ta hango kisan, kuma babu mai kwana da tabarau. Lamba 4 ya yi shiru, ya auna, ya ce yanzu yana da shakka. Bai nemi mafaka ba, bai kawo wata sabuwar gardama don kare mutuncinsa ba. Da babu irinsa a ɗakin, da wankewar ta yi araha kamar yadda tuhumar farko ta yi.

Tambayar da na yi wa hannayen farko dole in yi wa na ƙarshe. Lamba 12, ma'aikacin kamfanin talla, sau uku ya sauya, kullum yana bin wanda ya fi ƙarfin magana. Lumet kansa ya bayyana a littafinsa Making Movies cewa da gangan ya riƙa sauya gilasan kyamara yadda bangwaye za su yi kamar suna matsowa, ya fara ɗauka daga sama, ya sauko daidai ido, ya ƙare daga ƙasa har rufin ɗakin ya danno. Matsin da aka yi wa Lamba 8 a farko shi aka yi wa Lamba 3 a ƙarshe, mutum sha ɗaya sun zuba masa ido. Ba zan rantse cewa sha biyun ƙarshe ido sha biyu ne ba. Abin da na sani shi ne sun fi na farko yawa, kuma kowace hujja sai da aka juya ta a gaban wanda ba ya son a juya.

Shi ya sa nake ganin ba jarumtar mutum ɗaya ce ta ceci yaron ba. Ƙa'ida ce. Da rinjaye ake bi, da Lamba 8 yana buɗe baki an ce masa mun ji, a kira mai gadi ya buɗe ƙofa. Dokar da ta ce sai baki ya zo ɗaya, da ƙofar da aka kulle, su suka tilasta wa sha ɗaya su jira ɗaya. Amurkawa ma sun daɗe ba su daidaita a kan wannan ba: shekaru masu yawa jihohin Louisiana da Oregon suna karɓar hukuncin mutum 10 cikin 12 a laifuka da dama, sai a 2020 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Ramos, cewa a babban laifi dole bakin juri ya zo ɗaya kafin a kama mutum da laifi.

Mu a Najeriya ba mu da juri, alƙali ne ke saurare ya yanke, kuma sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Amma muna da wata kotun da ba ta da ƙofa, ba ta da agogo, ba ta jiran kowa. A Oktoban 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata. A Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. A kasuwanninmu na Arewa ma, mun san abin da kalmar "ɓarawo" ke jawowa idan aka kwarma ta sau ɗaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, haka ne, amma a ƙarfi ya fi shi. Taron mutum ɗari uku yana iya zama ido ɗaya, wani lokaci ma ba ko ɗaya, kuma wanda ya ce a dakata a wurin babu ƙa'idar da ta tsaya masa.

A ƙarshen fim ɗin ruwan sama ya ɗauke, suna saukowa daga matakalar kotu, Lamba 9 ya tambayi Lamba 8 sunansa. Davis. Shi kuma McCardle. Suka yi musafaha, kowa ya bi hanyarsa, babu wanda ya ce wa ɗan'uwansa sun yi daidai, don babu wanda ya sani. Ni dai abin da na ɗauko daga ɗakin nan tambaya ɗaya ce, kuma ba a wurin aiki kaɗai nake yin ta ba. Idan hoton wani ya faɗo zauren WhatsApp na unguwa ko na dangi an ce ga azzalumin, mutum arba'in sun riga sun yi Allah ya isa, nakan rubuta: a cikinmu wa ya gani da idonsa? Yawanci sai a yi shiru na ɗan lokaci, sannan wani ya amsa cewa shi ma turo masa aka yi.